Masu Aiki a Gantsa, Masu Takardu a Birni

Da hantsi, tun kafin ka hango rumfar, ƙarar janareta ce za ta gaya maka ka iso wurin mai walda. Irin rumfar nan ce da ba a rasa ta a Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumar Buji, ko a Birnin Kudu da Kiyawa: 'yan fallayen kwano a kan turaku, tarin ƙarafa a gefe, yara biyu ko uku suna kankare tsatsa. Maigidan yana duƙe, baƙin gilashi a fuska, yana haɗa ƙafafun bencin 'yan firamare.

A ce benci ɗari aka ba shi. Shi zai auna, ya yanka, ya haɗa. Kafintan da ke maƙwabtaka da shi ya buga katako, yara su shafa fenti. Amma ran da mota ta zo ta kwashe kayan, sunan da zai hau takardar biya ba nasa ba ne. Sunan wani kamfani ne mai adireshi a Dutse ko Kano, wanda mai shi ƙila bai taɓa shaƙar hayaƙin walda ba. Gwamnati ta biya kamfanin, kamfanin ya biya wanda ya sayi aikin a hannunsa, shi kuma ya sallami mai walda da abin da ya sawwaƙa, wani lokacin ma sai an sha sintiri.

Ka tambayi mai waldan me ya hana shi neman aikin da kansa, amsar gajeriya ce: ba shi da takardu. Haka tela zai gaya maka, haka mai buga bulo, haka matar da ke matse man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli a cikin gida. A ganinsu kwangila abin masu takardu ne da masu uwa a gindin murhu.

A wasu ƙasashe an daɗe da ƙirƙiro takarda ta musamman domin irin waɗannan mutane. Hukuma ko wata ƙungiya mai zaman kanta ce ke bincike, ta tabbatar cewa kamfani kaza mallakar mace ne, ko mai naƙasa, ko ɗan wata al'umma da aka daɗe ana dannewa, sannan ta ba shi shaidar da zai nuna a ware masa kaso a sayayyar gwamnati da ta manyan kamfanoni. Maganar ta shigo Najeriya, har ta iso Kaduna. In ta ƙaraso Jigawa, mai waldan Gantsa ne zai amfana, ko kuwa mai jakar takardu ne zai ƙara ganye ɗaya a jakarsa?

Abin da ke cikin jakar

Bari mu zazzage jakar tukuna. Mai neman kwangilar gwamnatin tarayya, matakinsa na farko rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Nan ma da tarko. Rajistar sunan kasuwanci ita ce mai araha, ita yawancin masu ƙananan sana'o'i ke yi, ita ce kuma gwamnati ta yi alƙawarin yi wa mutum 250,000 kyauta a shirin tallafin korona na 2020. Sai dai da aiki ya ɗan yi nauyi, masu bayarwa sun fi son cikakken kamfani mai hannun jari da darakta. Dokar kamfanoni ta 2020 ta kawo sauƙi, domin yanzu mutum ɗaya tak zai iya kafa kamfani, amma dole ya riƙa shigar da bayanan shekara-shekara, in ya yi sakaci tara ta hau kansa.

Daga nan sai takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3 a jere. Sai ta hukumar fansho, PenCom, mai nuna yana tura kuɗin fanshon ma'aikatansa, ya kuma yi musu inshorar rai. Sai ta asusun horar da ma'aikata, ITF, wanda doka ta ɗora wa duk mai ma'aikata 25 zuwa sama biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi. Sai ta NSITF, asusun diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, shi ma kashi 1 ne. Sai shaidar shiga kundin 'yan kwangila na hukumar BPP da ke Abuja. Ga lissafin kuɗin kamfani da akanta mai lasisi ya duba ya sa wa hannu, ga wasiƙar banki, ga rantsuwar kotu, ga shaidar ayyukan da aka taɓa yi a baya.

Ta ƙarshen nan ita ce mai ban dariya da ban haushi. Ba a ba ka aiki sai ka nuna ka taɓa yi, ayyukan da ka yi kuwa duk da sunan wani suka fita. Mutumin da ya haɗa benci dubu da hannunsa, a takarda bai taɓa haɗa ko ɗaya ba.

Yawancin takardun kuma da shekara ta ƙare suke mutuwa, sai an sake bin layi. Yanzu ana cewa komai ya koma intanet, ba sai ka je ofis ba. Gaskiya ne, amma mutumin Ahoto ko Kukuma da wayarsa ta kira da amsawa ce kawai, intanet ɗin ma wani ofis ne: sai ya bar rumfa, ya hau mota, ya je shagon masu kwamfuta, ya biya yaron da zai cike masa fom da Turanci.

Ka kuma duba su wane ne ma'aikatan nasa. Ƙaninsa ne, da 'ya'yan maƙwabta biyu da aka kawo masa koyon sana'a, yana sallamarsu da kuɗin abinci da na sabulu. Fanshon wa zai tura? An zana takardun ne da hoton kamfani mai ofis da akanta da jadawalin albashi, alhali a ƙididdigar 2021 ta hukumar raya ƙananan sana'o'i, SMEDAN, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, cikin ƙanana da matsakaitan sana'o'i kusan miliyan 40, mafi rinjaye nesa ba kusa ba na mutum ɗaya ne ko biyu.

Ba don mugunta aka kafa shingen ba

Adalci ne a faɗi dalilin masu ofis. Duk wanda ya yi wayo kafin 1999 ya san zamanin da ake ba da kwangila a falon gida, a rubuta a guntuwar takarda, a karɓi kuɗin kafin alƙalami a ƙara aure, gini ya tsaya a linta har kuka ta tsiro a ciki. Don toshe wannan ɓarna gwamnatin Obasanjo ta kafa sashen sa ido kan farashin kwangiloli a 2001, wanda Oby Ezekwesili ta yi suna da shi, sannan Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu kan dokar sayayyar gwamnati a 2007, aka haifi BPP.

Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, ta kafa tata hukumar tantance kwangiloli da sa ido kan ayyuka a zamanin Gwamna Sule Lamido. Ita ce kowa a Dutse ke kira Due Process. A nan 'yan kwangila ke rajista aji-aji, gwargwadon girman aikin da kowa zai iya ɗauka, kuma injiniyoyinta ne ke duba aiki kafin a biya. Gwamnatocin Badaru Abubakar da Umar Namadi sun gaje ta, sun ci gaba da ita.

Hujjar ma'aikacin gwamnati ita ce kuɗin na jama'a ne. In ya ba wanda ba shi da rajista, aikin ya lalace, wa zai kai kotu? A wane adireshi za a same shi? Takardar haraji kuma hanya ce ta tilasta wa mai cin kuɗin gwamnati ya mayar wa gwamnati nata. Wannan magana ce mai nauyi, ba a ture ta da ƙafa.

Abin da ake mantawa shi ne shinge ba sabon abu ba ne a kasuwancin ƙasar Hausa. A zamanin gyaɗa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a wajen 1912, manomi ba ya sayar wa kamfanin Turawa kai tsaye. Sai ta hannun dillalan da kamfani ya amince da su, daga baya kuma ta hannun masu lasisin hukumar cinikin amfanin gona. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya zama babban mai saya wa kamfanin UAC, ya gina dalar buhuna. Manomin ƙasar Dutse da ya noma gyaɗar, shi a ƙasan tsani ya tsaya. Tsanin nan har yau bai karye ba, fenti kawai aka sake masa.

Hayar kamfani

Duk inda aka kafa shinge, sai an sami mai ba da hayar tsani. Sirri ne da kowa ya sani a harkar kwangila a Najeriya: akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su yi wa kamfani uku ko biyar rajista, su riƙa sabunta takardunsu duk shekara, su ajiye a jaka. Wanda ya samo aiki ta hanyar siyasa amma ba shi da takardu sai ya ari kamfani, a yi yarjejeniyar kaso. Wanda ya samu kuma ba ya son wahala sai ya sayar da kwangilar gaba ɗaya. Mai saye ya sake sayarwa.

Kowane hannu da aikin ya ratsa sai ya lashi rabonsa, kuma daga jikin aikin ake yankar rabon. Ƙarfen da ya kamata ya yi kauri sai a sayo siriri. Buhun siminti ɗaya ya haifi bulon da ya fi ƙarfinsa. Katakon benci ya zama ɗanye, kafin zango biyu ya bankaɗe. Idan iyayen yara suka ga bencin ya karye, mai waldan da suke gani kullum a bakin titi shi ke shan zagi, domin shi suka sani. Sunan kamfanin da ke kan allon aiki ba mai iya tuna shi.

Manyan 'yan kwangila ba su yarda cewa su 'yan cin banza ba ne. Suna cewa su ke ɗaukar bashin banki, su ke jiran biya wata da watanni, a kansu ake cire haraji tun daga tushe, a kansu ake riƙe wani kaso har sai lokacin gwajin aiki ya cika. In an yi asara su ke kwana da ita. Akwai gaskiya a ciki ga ɗan kwangilar da ke zuwa wurin aiki da kansa. Ga wanda jaka ce kawai jarinsa, babu.

Yadda wasu suka gwada

Amurka ce uwar wannan tsari. A 1969 Shugaba Nixon ya kafa ofishin tallafa wa kasuwancin 'yan tsiraru, wato baƙar fata da sauran waɗanda wariya ta bari a baya. A 1972 manyan kamfanoni suka kafa majalisar da yau ake kira NMSDC, mai ba da takardar shaida. Sharaɗinta shi ne kashi 51 cikin ɗari na kamfani ya zama na ɗan tsiraru, kuma shi ne ke juya shi yau da gobe. Ba takarda kaɗai suke dubawa ba, suna zuwa wurin sana'ar su gani da ido, su yi wa mai shi tambayoyi. Gwamnatin tarayyar ƙasar ma tana da nata shirin mai suna 8(a), da burin ware kashi 5 na kwangilolinta ga kamfanonin mata.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne na Maynard Jackson, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Atlanta bayan zaɓen 1973. Ya tarar kason baƙar fata a kwangilolin birnin bai kai kashi 1 ba. Ya kafe cewa ba za a faɗaɗa filin jirgin sama ba sai an ba su kashi ɗaya bisa huɗu na aikin. Aka yi ta kai ruwa rana, a ƙarshe aka yi yadda ya ce, kuma attajirai baƙar fata da dama daga nan suka taso. Sai dai tsarin bai taɓa hutawa da shari'a ba. Kotun ƙolin ƙasar ta rage masa ƙarfi a 1989 da 1995, gwamnatin Donald Trump da ta dawo a 2025 kuma ta ɗaura ɗamarar rushe duk wani fifiko da ya dogara da launi ko jinsi.

Kenya ta fi kusa da halinmu. A 2013 gwamnatin Uhuru Kenyatta ta ware kashi 30 na sayayyar gwamnati ga matasa da mata da masu naƙasa, a shirin da ake kira AGPO. Sai ka sami takardar shirin kafin ka shiga, kuma kashi 70 na masu kamfanin dole su fito daga rukunin da aka ware wa. Dubban mutane sun yi rajista. Koke-koken da suka biyo baya su ne abin lura a gare mu: 'yan birni masu ilimi sun fi cin moriya, gwamnati na jinkirin biya har bashi ya karya wasu, sannan attajirai na fakewa a bayan 'ya'yansu da matansu.

Afirka ta Kudu ta sha wannan fakewa har ta gaji. Dokarta ta 2003 ta ba kamfanonin baƙar fata fifiko, sai wasu fararen fata suka riƙa sa sunan direba ko mai aikin lambu a matsayin darakta, shi bai ma sani ba. A gyaran 2013 aka mayar da hakan babban laifi, mai kai mutum gidan yari har shekara 10. Mu ma ba baƙinta ba ne. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun haifar da 'yan amshin shata da yawa, suna na ɗan Najeriya, akala a hannun baƙo.

Su wane ne 'yan tsiraru a Buji?

A nan ne kwaikwayo kai tsaye ke faɗuwa. Buji, mai mutum kusan dubu 100 a ƙidayar 2006, Hausawa ne da Fulani a masarautar Dutse, masallaci ɗaya, kasuwa ɗaya, an yi auratayya an cakuɗe. Ba launin fata ne ya raba mai samu da marar samu ba. Abin da ya raba su shi ne nisa da birni, da boko, da sanin wani, da kasancewa mace, da naƙasa.

Wani abin mamaki, muna da takardar da ke shaida asalin mutum, ita ce takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda mai unguwa da dagaci da hakimi ke tabbatarwa. Da ita ake neman gurbin karatu, da ita ake shiga aikin soja ko na gwamnati. A harkar kwangila kuwa ba ta da wani tasiri na doka. Umarnin da Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a 2017, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya ce aƙalla kashi 40 na abin da ma'aikatun tarayya ke kashewa kan kaya irin su yunifom da takalma, abinci, kujeru da teburori, da kayan gini, ya tafi ga na gida. Manufar fifita kayan Najeriya da gwamnatin Tinubu ta sanar a 2025 ita ma hanyar ta bi. Amma na gida a bakin Abuja yana nufin na Najeriya. Masana'anta a Legas ta gida ce, rumfar Gantsa ma ta gida ce, kowa kuwa ya san wanda zai ci in aka haɗa su tsere.

Masu naƙasa su ma haka. Jigawa ta yi abin yabo tun 2007 da ta fara biyan wasunsu alawus na naira 7,000 a wata, dokar tarayya da aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta ware musu kashi 5 na guraben aikin gwamnati. Alawus da gurbin aiki daban, a saya a hannunka daban. Duk wanda ya ga yadda waɗanda shan inna ya taɓa ke ƙera kekuna da lilon yara a Kano ya san ba sadaka kaɗai suke nema ba, ciniki suke so.

Sana'ar uwargida, sunan maigida

Batun mata ya fi kowanne sarƙaƙiya, kuma a nan na fi jin tsoron takardar. Ƙiyasin da hukumomin duniya ke yawan ambato shi ne kamfanonin mata ba sa samun fiye da kashi 1 na kuɗin sayayyar gwamnatoci. Hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da tallafin Bankin Raya Afirka, ta yi aiki da jihohin Kaduna da Legas kan manufar ba mata kaso a kwangila. Wata rana maganar za ta ƙwanƙwasa ƙofar Dutse.

To, duba yadda abin yake a gidajenmu. Mace a ƙauyen Buji tana da sana'a ta gaske. Tana kiwon awaki, tana surfe, tana ɗinki, tana man gyaɗa da daddawa, tana adashi. Dukiyarta tata ce, addini ma ya tabbatar mata da hakan, miji ba shi da iko a kai sai da yardarta. Amma da za a je banki ko ofis, lambar wayar maigida ce, asusun ɗanta ne, sunan ƙaninta ne a fom, domin ita ba ta fita, ko ba ta da katin ɗan ƙasa, ko tana jin nauyin zama gaban maza a ofis. Sana'ar tata, suna na namiji.

Ranar da aka ce an ware wa mata kashi kaza, abin zai juye. Alhajin da ke da kamfani biyar zai mayar da biyu da sunan Hajiya da na babbar 'yarsa, takardu su fito tsaf, ba kuskure ko na wasali. Sana'ar tasa, suna na mace. Ma'aikacin da ke zaune a ofis yana duba fayil ba shi da hanyar gane wace ce ta gaske. Zai ma fi yarda da ta bogin, don ita ce takardunta suka cika.

Maganinsa, a ganina, ba a cikin fayil yake ba. Masu tantancewa a Amurka ma ƙafa suke takawa su je su gani. Mu kuwa muna da abin da ya fi nasu: a mazaɓar Kawaya ko Madabe babu wanda bai san matar da ke da keken ɗinki biyar da 'yan koyo ba, babu kuma wanda bai san Hajiyar da ba ta taɓa riƙe almakashi ba. Mai unguwa ya sani, shugabar adashi ta sani. In har tantancewa ba ta sauko ta tambayi waɗannan ba, kuma a bainar jama'a don kada su ma a saye su, takardar za ta zama wani sabon kayan haya.

An taɓa gwada wani abu mai kama da haka. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin Buhari ta fara a 2016 ya ɗauki mata masu dafa abinci daga cikin garuruwansu, aka buɗe musu asusu da lambar BVN, ana tura musu kuɗi kai tsaye, naira 70 kan kowane yaro a farko. Ba PenCom, ba ITF. Shirin ya sha suka kan jinkirin biya da cusa sunaye, an kuma dakatar da shi a farkon 2024, amma ya nuna cewa gwamnati na iya ciniki da matar ƙauye ba tare da ɗan tsakiya ba in ta ga dama.

Ƙofar manyan kamfanoni

A ɓangaren 'yan kasuwa masu zaman kansu labarin gajere ne. Jigawa na cikin manyan masu noman riɗi da zoɓo a ƙasar nan, kayan na bi ta kasuwanni irin su Maigatari da Shuwarin da Sara, su ƙare a jiragen ruwa. Kamfanin da ke fitarwa bai damu da ko kai wane ne ba. Yana tambayar tsabtar kaya, da yawan da za ka iya kawowa a kan lokaci, da rasit, da lambar NAFDAC in abin ci ne da aka sarrafa.

Akwai ƙungiyar WEConnect International, mai ba kamfanonin mata takardar shaida da sharaɗin kashi 51, tana haɗa su da manyan kamfanonin duniya, kuma tana aiki a Najeriya. Sai dai wadda za ta cike fom ɗinta da Turanci a intanet, ta kawo lissafin akanta, ta riga ta haye kogin da matar Falageri ke tsaye a bakinsa. Ga irin wannan, ƙungiyar gama kai mai rajista, inda mata talatin za su haɗa kaya da asusu ɗaya, ta fi kusa da hannu.

Takarda ba jari ba ce

A ce ma an ba mai waldan takardar, an ba shi aikin. Da me zai sayi ƙarfe? Dokar tarayya ta yarda a ba ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami, da kashi 15 ne, gyaran 2020 ya kai shi 30, amma sai ya kawo lamunin banki ko na kamfanin inshora. Banki kuma sai da jingina, gonar gado da ba ta da takardar mallaka ba jingina ba ce a wurinsu. Ruwan bashi ya kai wajen kashi 30 a 2024. Da yawa daga mutanenmu ma ba sa kusantar bashi mai ruwa saboda haramcin riba, bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa irin su Jaiz da TAJ kuwa rassansu a birane suke.

Ga hauhawar farashi. A farkon 2024 buhun siminti ya tashi daga wajen naira dubu 5 ya haura dubu 10 a wasu wurare cikin 'yan makonni. Babban ɗan kwangila zai rubuta takardar neman ƙari, ya bi ta ofis-ofis har a duba. Ƙarami kuwa sai ya sayar da bijimin da yake turka don ya ƙarasa aiki, sannan ya zauna jiran biya. Wata shida na jira ba komai ba ne ga mai kamfani biyar. Ga mai rumfa ɗaya, ƙarshen sana'a ke nan.

Shi ya sa masu sana'a da yawa, in ka matsa musu, za su ce maka gara su ci gaba da yi wa Alhaji aiki. Yana danne su, amma yana ba da na kayan aiki a hannu, kuma in yaro ya kwanta rashin lafiya ana iya zuwa ƙofar gidansa da dare. Ofis ba shi da ƙofar da ake bugawa da dare.

Abin da zai taimaki ƙaramin mai sana'a, kafin a kai ga wata sabuwar takarda, abubuwa ne marasa ƙyalƙyali. A daina dunƙule bencin ƙananan hukumomi goma a kwangila ɗaya, a rarraba shi yadda rumfa ɗaya za ta iya ɗauka. Aikin da bai kai wani adadi ba a yafe masa takardun fansho da na horarwa, a wadatu da rajistar suna da lambar haraji da shaidar mutanen gari. A karɓi aikin da mutum ya yi a ƙarƙashin wani a matsayin gogewa. A sa wa'adin biya, a kuma cika shi.

Idon kowa na kan sakatariya

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura kuɗin ƙananan hukumomi 774 kai tsaye zuwa asusunsu. Aiwatarwar na tafiyar hawainiya, amma in ta tabbata, ayyukan da suka fi dacewa da ƙarfin mutanen Buji, irin su kwalbati, gyaran aji, rumfunan kasuwa, gyaran rijiyar burtsatse da ɗinkin yunifom, a sakatariyar Gantsa za a riƙa yanke su, tafiyar ƙafa daga rumfar mai walda.

Kusanci na iya zama alheri, domin shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli sun san kowa da sana'arsa, ba sa buƙatar kwamiti daga Abuja ya gaya musu wa ke walda. Yana kuma iya zama akasin haka, domin sun san wanda ya yi musu kamfe da wanda bai yi ba. Abin dubawa shi ne ko za a liƙa tallar aiki a allon sakatariya da Hausa, a faɗa a rediyo, a buɗe tayin a gaban jama'a, a kuma rubuta sunan wanda ya ci da adadin kuɗin inda kowa zai karanta.

Kafin nan, iskar farkon damina za ta yaye rufin wasu azuzuwa kamar yadda ta saba, za a nemi kafintoci da masu walda. Wayar maigidan rumfar za ta yi ƙara, muryar da ya sani ce: akwai benci ɗari da hamsin, ana so kafin a koma hutu, nawa zai yi na ƙarshe? Zai kashe janareta don ya ji da kyau, ya ɗauki guntun alli, ya fara lissafi a jikin ƙofar ƙarfen da ke jingine da bango.